Dabinon ado mai jure rani da hunturu: yadda ake dasa Washintoniya a raine ta

Wani magidanci daga Gusau ya yi tambaya cewa ya sayi dabinon ado guda uku a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, ya dasa a ƙofar gidansa. Kafin hunturu ya fita ganyensu ya ƙone, bazara na shiga suka bushe ƙurmus. Yana son sanin ko akwai irin da zai iya zama a ƙasa irin tamu, da kuma yadda ake kula da shi.

Malam, akwai, amma mu fara da abin da mai yiwuwa ya kashe na farkon. Masu sayar da fulawa sukan jera dabinon ado iri-iri a wuri guda, suna kiransu da suna ɗaya, alhali halinsu ya sha bamban. Akwai areka, mai fitowa cunkus daga gindi ɗaya da sanduna masu ruwan ɗorawa, asalinta Madagaska. Wannan 'yar inuwa da raɓa ce, in ka sa ta a buɗaɗɗen fili iskar hunturu za ta soye mata ganye. Akwai kuma mai santsin jiki kamar ginshiƙin siminti da koren wuya, wadda ake gani a manyan gidajen Legas da Abuja, asalinta ƙasar Kuba da maƙwabtanta. Tana iya rana, amma mashayiyar ruwa ce, wanda ba shi da rijiyar burtsatse ba zai iya da ita ba. Idan waɗannan ka saya, ba sakacinka kaɗai ba ne.

Wadda ta fi dacewa da kai ita ce Washintoniya. Ganyenta faffaɗa ne kamar mafici, irin na giginya da goruba, gefen sandar ganyen kuma da ƙayoyi masu lanƙwasa kamar haƙoran zarto. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Hermann Wendland, shi ya raɗa mata wannan suna a 1879 don tunawa da George Washington, shugaban Amurka na farko. Iri biyu ce. Washingtonia filifera ta fito ne daga dausayin hamadar Kalifoniya da Arizona a Amurka, kakkaura ce, takan kai mita 15 zuwa 20, ganyenta yana da zare-zare fari da yawa. Washingtonia robusta kuwa daga arewa maso yammacin Meziko take, siririya, doguwa, tana iya haura mita 25, ta kuma fi saurin girma. Ita ce dogayen nan da ake gani jere a titunan Los Anjeles, kuma wanda ya je aikin Hajji ya ga danginta a bakin titunan Saudiyya. A wurin da damina ke da nauyi da danshi, kamar Kaduna zuwa Abuja, robusta ta fi daɗewa lafiya. A Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram kowacce ka samu za ta yi.

Sai dai ka lura da asalin nata: dausayi. Bishiyar hamada ce da kanta yake cikin rana, ƙafarta kuma take kusa da ruwa. Jurewar da ake yabonta da ita sai ta kafu take samunta, bayan shekara biyu zuwa uku. Ƙaramar da ka ɗauko daga leda jaririya ce, in ka bar ta da ƙishirwa a watan Afrilu za ta mutu kamar kowane dashe.

Akwai abu guda game da halittar dangin dabino wanda in ka riƙe shi, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi. Mangwaro ko darbejiya suna da ɗaruruwan idanun toho, ka sare reshe wani ya fito, ka ji wa jikinsu rauni ɓawo ya rufe. Dabino irin Washintoniya ido ɗaya tak gare shi, yana can tsakiyar kansa a ɓoye, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe kamar mashi. Wannan ita ce zuciyarsa. Ta mutu, bishiya ta mutu, ko da tsawonta ya kai bene. Gangar jikinsa kuma ba ta warkewa: ramin ƙusar da aka buga yau yana nan har ranar da za a sare shi. Saiwoyinsa ba sa kauri kamar na sauran itatuwa, sirara ne kamar igiya, dubbai, dukkansu suna fitowa daga wani ɗan yanki a gindi, daidai inda jiki ya haɗu da ƙasa. Saboda haka abu uku ake tsarewa: zuciya, fatar jiki, da wannan wuyan gindi.

Wajen saye, kada tsawo ya ruɗe ka. Duba kaurin gindi da lafiyar mashin tsakiya. Ka kama shi da yatsu ka ɗan ja a hankali, in ya yi ƙarfi lafiya lau, in ya motsa ko ka ji wari, ajiye ta. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Idan saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa aka fizgo ta, za ta yi jinya kafin ta kama. Mai ganye biyar zuwa takwas, tsawon gwiwa zuwa ƙugu, ita ce ta fi saurin kamawa, sau da yawa ma takan kamo babbar da aka saya da tsada. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko a inuwa ya raine ta. In haka ne, ka ajiye ta inda take samun ranar safe kawai na kwana goma zuwa sati biyu kafin ka fitar da ita fili, don ganyen da ya saba da inuwa yakan ƙone cikin kwana biyu.

Wurin dashe yana son tunani, domin abin da ka dasa yau zai fi gidan tsawo. Kada ka sa ta ƙarƙashin wayar wuta ko kusa da ita. Sauran itatuwa akan rage musu kai in sun kai waya, ita kuwa rage kai yanka ne. Ka bar mita uku tsakaninta da bango, mita huɗu zuwa biyar tsakanin bishiya da bishiya. Saiwarta ba ta fasa harsashin gini kamar ta ceɗiya ko durumi, amma tarinta yakan ɗaga intalok, don haka a bar mata fili marar siminti kamar mita ɗaya da rabi kowane gefe. In inuwar zama kake nema a ƙofar gida, gaskiya wannan ba bishiyarka ba ce. Shekarun farko tana ba da 'yar inuwa, amma in ta yi sama sai inuwar ta koma gidan maƙwabci. Don kwalliya da kwarjinin ƙofa ake dasa ta.

Lokacin dashe shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, wato daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli a yawancin ƙasar Hausa. Ƙasa na da ɗumi, iska na da danshi, saiwa za ta samu wata uku zuwa huɗu tana aiki kafin hunturu. Dashen Disamba ko na Maris wahalar da kai ne.

Haƙa rami mai faɗi ninki biyu na ledar, kamar santimita 60 zuwa 80, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon ƙasar da ke cikin ledar. A nan mutane suka fi kuskure. Sukan haƙa rami mai zurfi, su zuba taki a ƙasa, su binne gindin har da wani ɓangare na jiki, wai don ta tsaya da kyau. Takin ya ruɓe ya sauka, bishiya ta ƙara nutsewa, wuyan gindin ya rasa iska. Ba ta mutuwa nan take. Sai ka ga sabon ganye yana fitowa fari-fari ko ruwan ɗorawa, girma ya tsaya, bayan shekara ɗaya ko biyu ta tafi, mai ita yana zargin gara. A dasa ta daidai yadda take zaune a leda, ko ta ɗara ƙasa da faɗin yatsa biyu.

Kafin ka sa ta, cika ramin da ruwa ka bar shi. In ƙasar jigawa ce, cikin awa kaɗan zai tsotse. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, laka ce ko marmara a ƙasa, kuma ramin zai zama tukunya a watan Agusta. Mafita ita ce ka fasa marmarar da diga har ruwa ya samu hanya, ko ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da faɗin mita ɗaya da rabi, ka dasa a kansa. Zuba yashi a cikin ramin laka ba ya magani, ruwan dai nan zai taru.

Yanka ledar da reza, kada ka zare ta da ƙarfi, kada kuma ka fasa dunƙulen ƙasar. Mayar da ƙasar da ka haƙo, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya kashi ɗaya cikin huɗu. Ruɓaɓɓe nake nufi, wanda ya yi baƙi, ya huce, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona sabuwar saiwa, yana kuma kiran gara da gwazarma. Takin zamani kada ya shiga ramin sam. In ka cika rabi ka zuba ruwa ƙasa ta zauna, ka ƙarasa, ka taka a hankali. Sai ka ja kunya zagaye, nisan taku ɗaya daga gindi, ta riƙe ruwa. In akwai awaki a unguwa, a kewaye ta da waya ko ƙaya tun ranar, domin akuya in ta cinye mashin tsakiya an koma baya da wata shida, wani lokaci ma an yi asara gaba ɗaya.

Ban-ruwa: sati biyun farko kullum, bokiti ɗaya, sai ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Daga nan zuwa wata uku, duk bayan kwana biyu ko uku. A ranin farko da na biyu, jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu a sati lokacin hunturu, sau uku a bazara, in ƙasar yashi ce. A laka a rage. Hanyar ganewa ita ce ka tura yatsa ko tsinke zurfin santimita 10, in da danshi ka ƙara kwana. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, saboda yayyafi yana tara saiwa a sama inda rana ke gasa ta. A gindi ake zubawa, kada a riƙa kwarara ruwa a cikin kanta. Daga shekara ta uku, shayarwa mai kyau sau biyu ko uku a wata ta ishe ta a rani. Za ta rayu da ƙasa da haka, sai dai ganyen zai ƙanƙance, girman ya ragu. Wadda take samun ruwa da taki tana iya ƙara rabin mita zuwa mita guda a shekara.

Idan ruwan rijiyarku mai kanwa ne ko gishiri, za ka ga farin gari a bakin kunya, bakin ganye kuma yana ƙonewa. Washintoniya ta fi yawancin dabinon ado haƙuri da wannan, amma duk wata guda a yi mata ambaliya, jarka uku ko huɗu a lokaci ɗaya, don gishirin ya sauka ƙasa da saiwa. Ruwan wanki mai omo da bilic kada ya zama abin shanta. Rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsa uku yana rage ƙishirwa sosai, amma a janye shi tafin hannu guda daga jikin bishiyar, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara.

Batun taki yana da ɗan zurfi. Dangin dabino sun fi sauran itatuwa buƙatar sinadarin fotash da magnesiyam. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu kuwa yuriya ce da NPK 20-10-10 (lambobin suna nuna kason naitrojin, fosfat da fotash a jere), masu yawan naitrojin. In ka ɗura mata su, za ta yi ta fitar da sabon ganye, ta rasa fotash ɗin da za ta ciyar da shi, sai ta riƙa zarowa daga tsofaffin ganye. Shi ya sa a jihar Fulorida ta Amurka aka haɗa wa dabinon ado taki na musamman mai 8-2-12 da ƙarin magnesiyam. In ba a samu irinsa ba, NPK 15-15-15 ya fi 20-10-10, yuriya kuma a bar wa masara. A fara bayan wata biyu zuwa uku da dashe: cikin ƙaramin gwangwanin tumatir guda, a barbaɗa a zagaye nesa da jiki, a bi da ruwa. Sau uku a shekara, farkon damina, tsakiyarta, da ƙarshenta. A shekara ta biyu da ta uku a koma gwangwanin madara ɗaya zuwa biyu. Babba tana ɗaukar rabin kilo zuwa kilo guda kowane zubi, a watsa a duk faɗin da ganyenta ya rufe. Kwando ɗaya na ruɓaɓɓen taki a sama duk farkon damina yana gyara ƙasar yashi fiye da komai. Tokar murhu tana da fotash, amma tana ƙara wa ƙasa kanwa, don haka tafi ɗaya ko biyu a shekara ya isa, in kuwa ruwanku mai kanwa ne a bar ta.

Ganyen da kansa yana faɗin abin da ke damunta, in ka san wanda za ka duba. Tsofaffin ganye na ƙasa da ɗige-ɗige ruwan lemo, bakinsu yana bushewa: ƙarancin fotash. Tsofaffin ganye da gefe ya yi ruwan ɗorawa, tsakiya na nan kore: ƙarancin magnesiyam, maganinsa gishirin Epsom mai ɗauke da magnesiyam, cokali biyu zuwa huɗu ga ƙarama, a narka a bokiti a zuba a gindi. Sabon ganye ya fito a ƙanƙance, a murɗe, kamar wuta ta taɓa shi: ƙarancin manganis, wanda ƙasa mai kanwa ke jawowa, kuma wannan yana iya kisa tunda zuciya yake taɓawa. Sabon ganye fari-fari: duba zurfin dashe da kwanciyar ruwa kafin ka zargi taki. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya komawa kore. A sabbin da za su fito ake ganin sauƙi, kuma kan gaba ɗaya yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ya sauya.

Wannan ya kawo mu ga aski, inda ake yi wa bishiyar nan zalunci da sunan gyara. Sai ka ga an sare ganye duka an bar uku ko huɗu a tsaye kamar tukkun yaro. Kowane koren ganye abincinta ne, rabin-koren nan ma rumbu ne da take ɗiban fotash daga ciki. Wadda ake yi wa irin wannan aski kowace shekara jikinta yakan tsuke daga sama kamar fensir, zuciyar kuma ta rasa garkuwa daga iska da rana. Ƙa'idar ita ce a cire wanda ya bushe sarai kawai. In dole sai an ƙara, ka ɗauki kan bishiyar kamar fuskar agogo, kada a taɓa duk ganyen da ke sama da layin ƙarfe tara zuwa ƙarfe uku. A yanka da zarto, a bar ɗan guntun sanda kamar faɗin yatsa uku, kada a fizge, kada adda ta sari jiki. In za a tashi daga wata bishiya zuwa wata, a jiƙa zarton minti biyar a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi uku ruwa, domin akwai cutar fumfuna mai busar da ganye da ke bin bakin zarto, kuma ba ta da magani. A sa safar hannu mai kauri, ƙayar tana yaga fata.

Busassun ganyen Washintoniya ba sa faɗuwa da wuri, sukan rataya su lulluɓe jiki kamar bujen ciyawa. A gida ba a barinsu. Maɓoyar ɓera ce da kunama da maciji, kuma tartsatsi ɗaya a hunturu ya isa ta kama kamar tocila. A riƙa cirewa sau ɗaya a shekara, bayan damina. Idan an gaji doguwa wadda bujen ya taru shekara da shekaru, kada a bar kowa ya hau ta ƙarƙashinsa yana yanka. Tarin yakan zame gaba ɗaya ya danne mutum a jikin bishiyar ya hana shi numfashi, kuma an yi asarar rayukan masu aski ta haka a Amurka. Daga sama ake fara cire shi, da motar ɗaga ma'aikata. Haka nan kada a sassare jiki don yin matakala, kada a buga allon talla da ƙusa, kada a ƙona shara a gindi.

Raunin jiki ne ke kiran ƙwari. Akwai babban baƙin ƙwaro mai ƙaho, dangin buzuzu, wanda ke haƙa rami ya shiga zuciya da dare. Alamarsa sabon ganye ya buɗe da yanka mai kusurwa kamar an sa almakashi, da ɗan rami da tattaunannen zare a bakinsa. Ana zaƙulo shi da waya mai ƙugiya, a cika ramin da yashi. 'Ya'yansa gwazarma ne da ke girma a juji da ruɓaɓɓen kututture, don haka a nisanta tarin taki da bishiyar. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ƙwaron dabino mai dogon baki, wanda ke bin warin sabon rauni ya yi ƙwai, tsutsotsinsa su cinye cikin bishiyar ba a sani ba sai kai ya karkace. Kariyarsa ita ce rashin rauni da rage yankan ɗanyen ganye. Gara kuwa ta fi bin busassun guntayen sanda da dashen da ƙishirwa ta raunana. A kankare ginin da take yi a jiki, a gyara ban-ruwa, in ta yi yawa a zuba maganin gara a ƙasa bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar.

A tsakiyar damina, in ka ga mashin tsakiya ya yi launin ƙasa, ka ja shi ya zare da wari, ruɓar zuciya ce. Kada ka yanke ƙauna nan take. Cire duk abin da ya ruɓe, zuba maganin fumfuna mai jan ƙarfe irin wanda masu tumatir ke fesawa a cikin ramin, a kare shi daga ruwan sama amma iska na shiga, a maimaita bayan kwana goma. In zuciyar ba ta mutu ba, cikin wata ɗaya zuwa biyu wani gajeren ganye mai nakasa zai leƙo, na bayansa su fito daidai. Amma in ka ga wani naman kaza mai tauri kamar faranti ya fito a gindin babbar bishiya, cikin ya riga ya ruɓe. A sare ta kafin iskar farkon damina ta kayar da ita kan gini, kada kuma a sake dasa dangin dabino a wannan ramin.

Mai son babba a ciro masa daga wani wuri, Washintoniya tana yarda da haka fiye da giginya da goruba, waɗanda ke tura tsiro can ƙasa tun suna ƙwallo, shi ya sa su a inda za su zauna ake shuka su. A haƙo ta da dunƙulen ƙasa aƙalla santimita 40 zuwa 60 daga jiki kowane gefe, a rage kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ganyen ƙasa, a ɗaure sauran sama don kare zuciya a hanya, a ɗaga ta da majanyi mai faɗi maimakon sarƙa, a dasa a ranar. A tokare ta da katako uku, a naɗa buhu a jiki a ɗaura guntayen katako a kai, tokaran su dafa a kansu, ƙusa kada ta taɓa bishiyar. Bayan wata shida zuwa takwas a cire.

In kuma ba ka gaggawa, irinta ba ya wahala. 'Ya'yan ƙanana ne baƙaƙe kamar ƙwayar wake. A wanke naman, a jiƙa ƙwayar kwana biyu ana sauya ruwa, a shuka zurfin santimita ɗaya a doguwar leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa mai haske da danshi. A lokacin zafi takan tsiro cikin sati biyu zuwa wata biyu. Ganyen farko siriri ne kamar ciyawa, kada a ɗauka haki ne a tuge, mai kama da mafici sai daga baya yake zuwa. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a leda, ana ƙara mata rana sannu a hankali, ta isa fita ƙofar gida a daminar da ta biyo baya.